Inda Shimfiɗu Biyu Suka Haɗu: Lissafin Iyakar Hanya da Iyakar Ambaliya a Kudancin Kaduna

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa wucewa ta inda ake shirin gina sabuwar hanya ya ga turaku da aka kafa a jere, wasu da jan fenti a kansu, wasu an ɗaura musu ƙyalle. Abin lura shi ne, jerin turakun ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da hanyar. A wani wuri suna matsowa kusa da ita, a wani wuri kuma su yi nisa, har su shiga gonar wani ko su ratsa katangar gidansa. Mai gidan da aka shafa wa fenti yakan ɗauka son zuciya ne, tun da an bar maƙwabcinsa. Sau da yawa kuwa lissafi ne ya kawo haka. Turakun suna bin wani layi ne da injiniyoyi ke nema ido rufe kafin katafila ta taɓa ƙasa, wato layin da shimfiɗar ƙasar da Allah ya halitta ta haɗu da shimfiɗar da injiniya ya zana.

Wannan maƙala za ta bayyana wa ɗalibai da malamansu yadda ake gano wannan layi a cikin kwamfuta, da dalilin da ya sa ya shafi mazauna kudancin Kogin Kaduna, ba ta fuskar hanya kaɗai ba, har ta fuskar ambaliya da lafiyar jama'a.

Kudancin kogi

Kogin Kaduna ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya zuba a Kogin Kwara. A kan hanyarsa ya raba birnin Kaduna gida biyu. Lokacin da Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, sun kafa ofisoshin gwamnati a arewacin kogin, kudanci kuwa ya girma ne a jikin jirgin ƙasa da masana'antu. A nan babbar mahaɗar layin dogo take, inda layin gabas ya tarar da na Legas zuwa Kano. A Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya. Kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar man fetur kuma a 1980. Ma'aikata suka yi ta kwararowa daga sassan ƙasar nan, unguwanni irin su Makera, Nasarawa, Barnawa, Narayi, Sabon Tasha da Romi suka bunƙasa.

Da fili ya yi wuya, sai gidaje suka riƙa gangarowa zuwa bakin kogi da bakin rafukan da ke zuba a cikinsa. Kaduna na samun ruwan sama da ya kai kimanin milimita 1,200 a shekara, kuma mafi yawansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. A 2003 kogin ya tumbatsa ya raba dubban mutane da muhallansu, aka kuma sake ganin ambaliya a 2012 da 2015. A ɗaya ɓangaren, aikin hanyoyi bai tsaya ba. Shirin sabunta birane da gwamnatin jihar ta ƙaddamar a 2019 ya haɗa da sabuwar gada tsakanin Kabala Costain da Barnawa. Kowace hanya irin wannan, da kowace ambaliya, suna ɗauke da tambaya guda: daidai ina ne iyakar?

Mece ce shimfiɗa?

A nan, idan mun ce shimfiɗa, muna nufin fuskar wani abu wadda kowane wuri a kanta yake da tsayi guda ɗaya tak. Doron ƙasa shimfiɗa ce, da tudunta da kwarinta. Saman ruwan kogi shimfiɗa ce. Hanyar da injiniya ya zana, tare da kafaɗunta da gangaren gefenta, ita ma shimfiɗa ce, ko da yake ba ta wanzu ba tukuna sai a cikin kwamfuta.

Kwamfuta ba ta san tudu ko kwari ba, lambobi ta sani. Saboda haka safiyo ke fita fili da na'urarsa, ya auna wurare masu yawa. Kowane wuri yana samun lambobi uku: nisansa ta gabas, nisansa ta arewa, da tsayinsa daga matakin teku. Birnin Kaduna, alal misali, yana kimanin mita 600 sama da teku. To amma safiyo ba zai iya auna kowane taƙi ba. Yaya kwamfuta za ta san tsayin wurin da ke tsakanin ɗigo biyu da aka auna?

Dabarar ita ce a haɗa ɗigogin uku-uku, su zama alwatika. An zaɓi alwatika ne saboda dalilin da ya sa tukunya ke zama daram a kan murhu mai duwatsu uku: ɗigo uku suna ɗaukar faranti guda ɗaya kawai, ba ya girgiɗi. Teburi mai ƙafa huɗu na iya yin rawa, mai ƙafa uku ba ya yi. Idan aka haɗa dubban alwatikai gefe da gefe, sai su zama kamar komar masunta da aka yafa wa ƙasa, ta kwanta a kwari, ta hau tudu. A cikin kowace alwatika ana ɗauka ƙasa ta miƙe sumul, don haka ana iya lissafa tsayin kowane wuri a cikinta.

Ba kowace haɗawa ce ke da kyau ba, domin alwatikai sirara masu tsawo suna ɓata kamannin ƙasa. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce ta wani masanin lissafi ɗan Rasha, Boris Delaunay, wadda ya wallafa a 1934: idan aka zana da'ira ta bi ta kusurwoyi uku na kowace alwatika, kada a sami wani ɗigo a cikin da'irar. A shekarun 1970 ne masana labarin ƙasa, cikinsu har da Thomas Peucker na Jami'ar Simon Fraser a Kanada, suka mayar da komar alwatikai hanyar adana siffar ƙasa a kwamfuta. A yau manhajojin zanen hanya irin su Civil 3D na kamfanin Autodesk a kan wannan tubali suke aiki.

Yadda ake gano mahaɗa

Mu ɗauka kwamfuta na riƙe da shimfiɗu biyu a wuri guda: ta ƙasa da ta hanya. A wani wuri hanya na sama da ƙasa, dole a yi cike. A wani wuri ƙasa na sama da hanya, dole a yanke. Tsakanin wurin cike da wurin yanka tilas akwai inda ba a cike ba a yanka, domin ba yadda za a yi a tashi daga ƙasa da abu zuwa samansa ba tare da an ratsa shi ba. Wannan wuri shi ne mahaɗa.

Akwai hanyoyi biyu na gano ta. Ta farko ita ce a ɗauki alwatika daga wannan shimfiɗa da alwatika daga waccan, a duba ko sun ratsa juna. Faranti biyu miƙaƙƙu, in sun haɗu, a kan miƙaƙƙen layi suke haɗuwa, kamar yadda bango biyu ke haɗuwa a kusurwar ɗaki. Kowace alwatikai biyu da suka ratsa juna suna ba da guntun layi, sai kwamfuta ta ɗinke guntayen su zama dogon layi mai lanƙwashe-lanƙwashe.

Hanya ta biyu ta fi sauƙin fahimta, kuma injiniyoyi sun fi bin ta. A kowane ɗigo sai a ɗebe tsayin hanya daga tsayin ƙasa. Abin da ya rage shi ne bambanci. Inda bambancin ya haura sifiri, yanka ne. Inda ya gaza sifiri, cike ne. Da waɗannan bambance-bambance kwamfuta ke gina shimfiɗa ta uku, shimfiɗar bambanci, sa'an nan a umurce ta ta zana layin da ya bi duk wuraren da bambancin ya zama sifiri daidai. Layin sifiri ke nan, kuma shi ne mahaɗar da ake nema. Ɗalibin da ya san layukan tsayi na taswira a darasin labarin ƙasa zai gane cewa wannan ma layin tsayi ne, sai dai tsayin bambanci yake bi.

Ga misali da lambobin da muka ƙago don koyo. Ɗigo A da ɗigo B suna da tazarar mita 20. A ɗigo A tsayin ƙasa mita 582.0 ne, na hanya 583.2, wato hanya ta fi ƙasa da mita 1.2. A ɗigo B tsayin ƙasa 584.6 ne, na hanya 583.8, wato ƙasa ta fi hanya da mita 0.8. Daga A zuwa B bambancin ya sauya da jimlar 1.2 da 0.8, wato mita 2.0. Kafin a kai sifiri sai an cinye 1.2 daga cikin 2.0, kashi 6 cikin 10 na tafiyar ke nan. Kashi 6 cikin 10 na mita 20 kuwa mita 12 ne. Mu gwada mu gani. Ƙasa ta hau mita 2.6 daga A zuwa B, kashi 6 cikin 10 na wannan shi ne 1.56, tsayinta a wurin ya zama 583.56. Hanya ta hau mita 0.6, kashi 6 cikin 10 shi ne 0.36, tsayinta ya zama 583.56. Sun haɗu. Wannan ɗan lissafi, wanda bai fi ƙarfin ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ba, shi ne kwamfuta ke maimaitawa a kan gefen kowace alwatika, sau dubbai, cikin ƙiftawa da bismilla.

Abin da layin ke faɗa wa injiniya

Hanyar da za ta nufi gada ko ta ratsa fadama dole a ɗaga ta a kan tulin ƙasa. Gefen tulin ba ya tsayawa a miƙe kamar bango, sai an ba shi gangare, in ba haka ba zai zabtare da ruwan farko. Mu ce gangaren mita 2 ne a kwance ga kowace mita 1 a tsaye. Idan tsayin tulin mita 1 ne, gindinsa zai sauka mita 2 daga kafaɗar hanya. Idan tsayinsa mita 3 ne, gindin zai kai mita 6. Idan kuma ƙasar wurin tana gangarawa nesa da hanya, gindin zai ƙara nisa, domin gangaren tulin sai ya bi ƙasar ya cim mata. Amsar tambayar mai gidan nan ke nan: gidansa yana kwari, inda cike ya yi tsayi, na maƙwabcinsa yana kan tudu. Daga wannan layi ake sanin filin da aikin zai ci, da waɗanda suka cancanci diyya.

Layin kuma shi ne iyakar lissafin kuɗi. Tulin da faɗin samansa mita 12 ne, tsayinsa mita 3, gindinsa zai kai mita 24. Fuskar yankansa murabba'in mita 54 ce. A tsawon mita 100 kacal ana bukatar kubik mita 5,400 na ƙasa, wato sawu 540 na tifa mai ɗaukar kubik mita 10. Saboda haka injiniya ke ta ɗaga zanen hanya yana saukewa a cikin kwamfuta, yana kallon yadda layin sifiri ke motsi, har ƙasar da za a yanke daga tudu ta kusa isar ciken kwari. Duk abin da ya gaza, sai an haƙo shi daga wani wuri.

Idan shimfiɗa ta biyu ruwa ce

Yanzu mu cire hanya, mu sa saman ruwan kogi a madadinta. Layin sifiri ya zama iyakar ambaliya. Duk gidan da ke ɓangaren da ruwa ya fi ƙasa tsayi zai sha ruwa, bambancin kuma shi ne zurfin ruwan a tsakar gidan.

Sai dai saman kogi ba a kwance yake kamar ruwan kwano ba. Yana gangarawa ne ta inda ruwan ya nufa, yana kuma tasowa a inda aka matse masa hanya, kamar bakin gada ko kwalbatin da shara ta toshe. Don haka sai an fara lissafa shimfiɗar ruwan daga yawan ruwan da ke wucewa da faɗin kwarin kogin. Manhajar da ta yi suna a wannan aiki ita ce HEC-RAS, wadda rundunar injiniyoyin sojan Amurka ta fitar a 1995, kuma kyauta ake samunta. Wani abin lura shi ne, shimfiɗun biyu suna shafar juna. Tulin hanya da aka gina a fadama ba tare da isassun kwalbatoci ba madatsa ce, zai ɗaga ruwan da ke bayansa, ya tura iyakar ambaliya cikin unguwar da a da ba ta san ruwa ba. Haka nan gidajen da aka cika bakin kogi aka gina.

Inda kuskure ke shigowa

Kwamfuta ba ta kuskuren lissafi, amma abin da aka ba ta shi take dafawa. Babban hatsarin yana wurin da ƙasa take kusan a kwance, kuma bakin kogi haka yake. A gangaren da ke hawa mita 1 cikin kowace mita 5, kuskuren santimita 30 a tsayi zai gusar da layin da mita ɗaya da rabi kawai. A filin da ke hawa mita 1 cikin mita 200, wannan kuskuren zai gusar da layin da mita 60, wato jerin gidaje da dama.

Wannan ne ya sa ake taka-tsantsan da bayanan tsayi na kyauta. A watan Fabrairu na 2000 kumbon Endeavour na Amurka ya yi kwana 11 yana auna tsayin doron duniya da rada, kuma a 2014 aka saki bayanan Afirka masu ɗigo ɗaya a kowace mita 30. Suna da amfani wajen nazarin babban yanki. Amma kuskurensu na iya kai mita da yawa, kuma sukan auna saman rufi da bishiyoyi maimakon ƙasa. Kuskuren mita 3 a filin da muka ambata tazarar mita 600 ce. Ba a yanke hukuncin rushe gida ko gina shi da irin wannan awo, sai safiyo ya sauka fili.

Na biyu, dole shimfiɗun biyu su fito daga ma'auni guda. Tsofaffin taswirorin Nijeriya an kafa su ne a kan ma'aunin Minna, na'urorin GPS kuwa suna aiki da ma'aunin duniya na WGS 84. Idan aka ɗora wannan a kan wancan ba tare da daidaitawa ba, layin zai fito tsaf, amma a inda ba shi ba ne. Na uku, alwatika ba ta san lambatu ko gaɓar rafi ba. In safiyo bai auna bakin gaɓa da gindinta ya shaida wa kwamfuta cewa nan ƙasa ta karye ba, za ta shimfiɗa alwatika ta tsallake rafin kamar babu shi. Na huɗu, ƙasa na sauyawa: awon da aka yi kafin a ɗebi yashi ko a cike wani kwari ya tsufa. A ƙarshe, kwamfuta na iya zana ƙaramin zobe a wani rami da ke nesa da kogi, ta ce ruwa zai cika shi, alhali akwai tudu tsakaninsu. Injiniya ne zai duba ko ruwan na da hanyar isa can.

Ta fuskar ilimin halittu

Mai nazarin halittu yana kallon wannan layi da wani ido. Akwai shimfiɗa ta ɓoye a ƙarƙashin ƙafafunmu, wato saman ruwan da ke cikin ƙasa, wanda mai haƙa rijiya ke tararwa. Da damina tana tasowa, da rani tana sauka. Inda ta kusanci doron ƙasa ko ta ratsa shi, nan ne fadama. Manomin rani ya san wannan layi ba da kwamfuta ba, daga launin ƙasa da irin ciyawar da ke fitowa. Tarwaɗa ma a cikin ciyawar da ambaliya ta rufe take zuba ƙwai, don haka faɗin da ruwa ya mamaye yana da hannu a yawan kifin da masunta za su samu.

Haka kuma, ƙasar nan da ta gaza wajen cike daga rami ake haƙo ta. Idan ramin ya ratsa shimfiɗar ruwan ƙasa, ko aka bar shi babu mafita, ya zama kududdufi. Sauron Anofilis mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro ya fi son ruwa marar zurfi da rana ke duka, kuma a yanayin zafi ƙwansa kan zama sauro cikin mako ɗaya zuwa biyu. Nijeriya kuwa, bisa rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya, tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya. Ruwan da ya daɗe a kwance kuma yana iya zama gidan dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, cutar da ke sa yara fitsarin jini. Duk zoben da layin sifiri ya rufe a gindin hanya, wanda ruwa zai shiga ya rasa mafita, wuri ne da ya kamata jami'in lafiya ya gani tun yana kan allon kwamfuta. Rigakafi dai ya fi magani.

Gwajin da za a yi a aji

Malami na iya nuna wannan duka da baho da yashi. A tara jiƙaƙƙen yashi a gefe guda na bahon, a yi masa tudu da kwari, wani gefen mai tsananin gangare, wani kusan a kwance. A zuba ruwa a hankali, ɗalibai su soka tsinke a bakin ruwan. A ƙara zurfin da santimita ɗaya, a sake sokawa. Za su ga da idonsu cewa a gefen gangare layin ya ɗan motsa ne kawai, a gefen kwance kuwa ya yi tsalle. Daga nan a ɗauki kwali mai ƙwari a soka shi a karkace cikin tudun, a zana da alƙalami inda yashi ya tsaya a jikinsa. Mahaɗar hanya da ƙasa ke nan. A ƙarshe a ba su tebur biyu na lambobi a takardar giraf, su ɗebe ɗaya daga ɗaya, su nemi wuraren sifiri kamar yadda muka yi tsakanin A da B, su haɗa su da fensir.

Kammalawa

Ɗalibin da wannan fanni ya ba sha'awa ba sai ya yi nisa ba. Kwalejin Nazarin Muhalli ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana Barnawa, ana koyar da aikin safiyo a can. Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana Mando, Jami'ar Ahmadu Bello kuma tana Zariya. Manhajar QGIS kyauta ce, tana iya ɗebe shimfiɗa daga shimfiɗa ta zana layin sifiri. Abin da ake bukata tun daga sakandare shi ne riƙo da lissafi da labarin ƙasa.

Ga iyaye kuwa, hukumar kula da albarkatun ruwa ta NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, hukumar KADGIS kuma ita ke riƙe da bayanan filaye a Jihar Kaduna. Kafin a biya kuɗin fili a kusa da kogi ko rafi, a tambayi dattawan unguwa inda ruwan 2003 da na 2015 suka tsaya, a nemi tabon da suka bari a jikin katanga, sa'an nan a sa safiyo ya auna tsayin filin ya kwatanta da tabon. Kuɗin awon bai kai na buhunan simintin da za a zuba a harsashi ba.